Kafin a Liƙa Karo a Banɗaki: Gyaran Bango Shi Ne Tushe

Gidaje da yawa a Nyékonakpoè suna ƙawata banɗaki da tayil, wanda muke kira karo a nan Lome. Sai dai sau da yawa ba a daɗe ba karon ya fara ɓamɓarowa, kuɗin maigida ya salwanta. Yawanci laifin na bangon da ke bayansa ne.

Unguwarmu tana kan rairayi, tsakanin teku da tafkin Lome, kuma ruwan ƙasa yana kusa. Da damina, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, laima kan hau bango daga gindi, ta zo da gishiri. Farin garin da muke gani a jikin bulo alamarsa ce. Gishirin nan yana cin siminti, ya raba karo da bango. Don haka a guji yashin bakin teku, wanda ma gwamnatin Togo ta hana ɗibarsa tun 2011. A nemi yashi mai tsabta, a tankaɗe shi.

Aikin farko na mai gyaran famfo ne. A binne bututun ruwa, a saki ruwa a ciki kwana ɗaya ko biyu don a tabbatar babu yoyo. A wannan lokaci ne kuma ya kamata a tsai da mazaunin masai, ta yadda mai zama ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba. Daga Lome alƙibla tana gabas ne, ta ɗan karkata arewa. Bayan an liƙa karo, gyaran wannan sai da fashe-fashe.

Daga nan sai magini ya kankare bango, ya goge ƙura da gishiri, ya toshe tsaga, ya jiƙa bulo. Ya kwaɓa awo 1 na siminti da awo 4 na yashi, tare da maganin hana ruwa ratsawa bisa ƙa'idar da ke jikin ledarsa. Kaurin yaɓen ya kai kamar santimita 1 da rabi, a daidaita shi da ma'auni, a bar fuskarsa da ɗan kaushi don karo ya kama.

Sauran aikin haƙuri ne. A riƙa yayyafa wa yaɓen ruwa har kwana 7, sannan a bar shi ya bushe, domin siminti yakan kai kwana 28 kafin ya yi cikakken ƙarfi. A ƙwanƙwasa bangon ko'ina. Inda ya yi amon ganga, a fasa a sake.

Banɗaki wurin tsarkinmu ne. Karon da ya tsage yana ɓoye ƙazanta, wanda ya ɓallo kuma yana iya raunata yaro ko tsoho. Kada mu matsa wa magini don biki ko salla ta gabato, gaggawa aikin Shaiɗan ce. Allah Ya sa albarka a gidajenmu, amin.