Wainar Ƙwai da Albarkar Fadamar Rima

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Goronyo da rani ya san ƙamshin albasa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan kogin Rima a 1984, noman rani ya ƙara ƙarfi a wannan yanki, kuma Wurno, garin da aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, ta yi suna wajen shinkafa da albasa da tafarnuwa. Mafi yawan albasar nan buhu-buhu ake loda ta a kai Kudu. Kaɗan daga cikinta kuwa tana ƙarewa a teburin mai shayi.

"Guda nawa za a fasa, Alhaji?" in ji shi, cokali a hannu. Ya fasa biyu a kofin roba, ya yanka albasa da attarugu a tafin hannunsa, ya marmasa dunƙulen Maggi, ya kaɗa. Mai ya riga ya yi zafi, ƙwan ya faɗa ya kumbura, gefensa ya yi ja, ya juya shi ya tura cikin burodi. Wannan ce wainar da muka sani, kuma kusan ita kaɗai muke yi.

Sauran duniya ba su tsaya nan ba. A Sifen sukan dafa yankakken dankalin Turawa a cikin man zaitun a hankali, su haɗa da ƙwai, waina ta fito da kauri har a yanka ta a raba wa mutanen gida. Har yau musu suke yi kan ko a sa albasa ko kada a sa. Bawurne dai ya san ɓangaren da zai bi. A Iran akwai kuku sabzi, wadda ganye ya fi ƙwai yawa a cikinta, ana cin ta a bikin sabuwar shekararsu, Nauruz. Mutanen Tanzaniya kan zuba ƙwai a kan soyayyen dankali su kira shi chipsi mayai, na Yuganda kuma su naɗe wainar a cikin gurasar capati. Japanawa suna zuba ƙwan kaɗan-kaɗan a kasko mai kusurwa huɗu suna naɗewa, har da ɗan sukari.

Faransawa ne suka bambanta: man shanu da ƙwai kawai, ba a bari ta yi ja, cikinta da laushi. Akwai dalili. Farin ƙwai yana fara daskarewa ne a zafin da bai wuce digiri 65 ba, gwaiduwa kuma wajen 70. In wuta ta yi yawa, furotin ɗin ya takure ya matse ruwan da ke cikinsa, sai waina ta yi tauri kamar danƙo. Shi ya sa ya fi kyau a fara soya albasa ita kaɗai ta saki ruwanta, sannan a rage wuta a zuba ƙwai. Amma ga yara da masu juna biyu, a bari ta dahu har ciki, saboda ƙwayar cutar salmonela.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, yawancin waɗannan wainoni dabara ce ta sa ƙwai kaɗan ya ishi baki da yawa, da abin da gona ta bayar. Mu kuwa, da damina ta faɗi zabi suka fara saka, sai a ga ƙwansu a kwarya a kasuwannin Rabah da ƙauyukanta, ana sayarwa, yaran gidan ba su ɗanɗana ba. A wasu gidajen ma har yanzu ana cewa yaron da aka saba wa ƙwai zai yi sata. Wannan magana ba ta da tushe, kuma tana cutar da yara, domin ƙwan kaza ɗaya yana ɗauke da furotin kimanin giram 6, a yankin da tamowa ke addabar ƙanana.

Uwar gida da ke da ƙwan zabi huɗu ba ta rasa komai ba. Ga lawashi, ga zogale a bayan ɗaki, ga dankalin Hausa da tumatir. Ta dafa dankalin ta yanka, ta soya shi da albasa, ta zuba zogalen da ta tafasa, ta kwarara ƙwai a kai, ta rufe kasko a kan garwashi maras ƙarfi. In ta sauke, yara shida za su samu rabo.