Dokar farauta: Me ya halatta, me ya haramta?

Da zarar an kawar da amfanin gona, mafarauta a yankunan Kebbe da Tambuwal na jihar Sakkwato kan fara shirin shiga daji da karnuka da bindigogin toka. A al'adance sarkin baka ne ke tsara fita, amma a hukumance naman daji na da doka.

Tun 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji, wadda ta wajabta karɓar lasisi, ta kuma ware dabbobin da ba a taɓawa. A 1985 gwamnatin soja ta ƙara da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ɓacewa, ciki har da zaki.

Sai dai dokar ta fi ƙarfi a takarda. Zakunan da suka rage a Najeriya ba su kai 50 ba, a dazukan Yankari da Kainji.

A jihar Kolorado ta Amurka kuwa, ana farautar zakin dutse, wato puma, bisa ƙa'ida. Hukuma na ƙayyade adadin da za a kashe a kowane yanki, kuma da zarar ya cika sai a rufe yankin. Haramun ne harbin 'ya'ya ko uwar da ke tare da su, kuma wajibi ne maharbi ya kai wa jami'ai abin da ya kashe su duba.

Jihar Kalifoniya ta haramta farautarsa domin nishaɗi tun 1990, yayin da masu jefa ƙuri'a a Kolorado suka yi watsi da irin wannan haramci a 2024.