Tsofaffin Kayan Jere

Jama'a, da wuya a sami gidan da babu wani tsohon akushi ko tasa a ƙarƙashin gado. Mukan ce ya tsufa, ba shi da sauran amfani. Amma ga shi akwai mutanen da ke bin kasuwa suna neman irin waɗannan kaya, su biya kuɗi, su tara. To, me suka gani wanda mu ba mu gani ba?

A da, jeren amarya ƙwarya ne da akushi da faifai. Masassaƙi ya sassaƙa akushi daga gungume guda, ya baƙanta shi, tuwo ya daɗe da ɗumi a ciki. Mai hali kuwa yakan ƙara da tasoshin tagulla, irin waɗanda maƙeran Bida suka yi suna da su. A zamanin Turawa sai kwanon langa ya shigo daga ƙasashen waje, mai fenti da zanen furanni. Mata suka so shi ƙwarai, suka jera shi tun daga ƙasa har kusa da rufin ɗaki. Bayansa tangaran ya zo, sa'an nan roba. Kowane sabo ya zo sai ya kori na gabansa.

Abin da aka kora kuwa shi ke wuyar samu. Roba dubu kamarsu ɗaya, amma akushi biyu ba sa zama daidai, don hannu ne ya yi su. Shi ya sa ake ajiye kayan da a gidajen tarihi, kamar na Jos wanda aka buɗe a 1952, da Gidan Makama a Kano.

Yaya za mu gane tsoho na gaske? Mu duba bakin akushi. Wanda ya yi shekaru yana aiki, bakinsa ya side, cikinsa ya yi santsi saboda hannu da miya. Tasar da aka ƙera da hannu, za mu ga sawun guduma a jikinta. Langa kuwa sai mu kife shi, sau da yawa akwai hatimi a gindinsa mai sunan ƙasar da aka yi shi. In an rubuta Czechoslovakia, to ya girmi shekarar 1993, gama a shekarar nan ƙasar ta rabu biyu. Ɗinkin gyartai a jikin ƙwarya ba aibi ba ne a wurinmu. Shaida ce an so ta har aka ƙi yar da ita.

Ajiyarsu ba wuya. Maƙiyin akushi gara ce da rana mai zafi. A ɗora shi bisa, a inuwa, a riƙa shafa masa ɗan mai. Tasa a wanke ta da tsamiya, kada a goge ta da yashi, yana cinye zanen. Langa in ya ɓantare, tsatsa ke shiga ta wurin, sai a shanya shi sarai kafin a ajiye.

Sa'an nan a yi hankali da mai zuwa ƙofar gida ya ce a ba shi tsoho ya ba da sabuwar roba. Ya san abin da yake yi. Akwai kuma doka ta 1979 a Nijeriya, wadda ta hana fita da kayan tarihi waje sai da izinin hukumar gidajen tarihi. Aikin hannu na ƙasa wanda aka yi kafin 1918 yana cikinsu.

In akwai tsohuwa a gida, mu tambaye ta tun tana da rai: na wane ne wannan, a auren wa aka kawo shi, daga wane gari? Mu rubuta amsar a 'yar takarda, mu sa a cikin kwanon, mu rufe.