YADDA WATA JAMI'AR AMURKA TA RASA YARJEJENIYAR KAYAN WASANNI

Bayani domin Hakimai da Malamansu

An rubuta wannan ɗan littafi domin a bayyana wa Hakimai da Malamansu wani al'amari da ya auku a ƙasar Amurka tsakanin shekara ta 2016 da ta 2022. Wata babbar jami'a ce ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani mai yin tufafin wasanni, kamfanin ya janye tun wa'adi bai cika ba, har magana ta kai gaban shari'a. Ko da yake ƙasar tana da nisa, al'amarin yana da amfani ga duk wanda aikinsa ya shafi sa hannu a takarda, ko ajiye ta, ko tsara kasafin kuɗi bisa alkawarin wani.

1. Matsayin wasanni a jami'o'in Amurka

Da farko ya kamata a san cewa wasanni a manyan jami'o'in Amurka sun wuce abin motsa jiki bayan an tashi daga karatu. Kowace jami'a tana da sashe na musamman mai kula da su, da shugabansa, da ma'aikatansa, da asusunsa. Dubban mutane sukan biya kuɗi su shiga kallo, gidajen talabijin kuma sukan sayi izinin nuna wasannin da kuɗi masu yawan gaske.

Wasanni biyu ne suka fi kawo kuɗi, watau ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a gudu da ita, da kuma ƙwallon kwando ta maza. Da abin da waɗannan biyu suka samo ake ɗaukar nauyin sauran, kamar su guje-guje da iyo da tanis. Har ila yau akwai wata doka ta shekara ta 1972 wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin Gwamnatin Tarayya su fifita maza a kan mata, saboda haka wajibi ne a ba 'yan mata nasu rabo a wasanni. Ke nan in wata ƙofar samu ta toshe, ɗalibai masu yawa ne abin zai taɓa, har da waɗanda karatunsu ya dogara ga tallafin da ake ba 'yan wasa.

2. Mene ne wannan irin yarjejeniya?

Kamfanin tufafi yakan ɗauki alkawarin ba jami'a riguna da takalma da sauran kayan wasa, ya kuma ƙara mata da tsabar kuɗi kowace shekara. Ita kuwa jami'a ta yi alkawarin 'yan wasanta ba za su fita fili da kayan wani kamfani ba sai nasa, tambarinsa kuma zai bayyana a ƙirjin kowane ɗayansu. Duk wanda ya zo kallo, ko ya zauna gaban talabijin, zai ga tambarin, wannan kuwa shi ne tallan da kamfani yake biya dominsa.

A lura da kyau, wannan ciniki ne, ba kyauta ba ce. Kamfani yana sayen idon 'yan kallo ne. Ran da 'yan kallo suka ragu, ko kuwa aljihun kamfani ya yi sauƙi, to, zai fara duba takarda yana neman ƙofar fita.

3. Ƙulla yarjejeniyar

Jami'ar da ake magana a kanta ita ce Jami'ar Kalifoniya ta birnin Los Anjeles, wadda ake taƙaita sunanta da UCLA. Ta Gwamnatin Jihar Kalifoniya ce, an kafa ta a shekara ta 1919. Ta yi suna ƙwarai a ƙwallon kwando, gama ta ci kofin jami'o'in ƙasar na maza sau 11, goma daga ciki a hannun wani mai koyar da wasa, John Wooden, tsakanin 1964 da 1975. Tana da ƙungiyoyin wasa 25.

Tun daga shekara ta 1999 kamfanin Adidas ne yake ba ta kaya. A watan Mayu na 2016 sai aka ba da sanarwar cewa ta daidaita da kamfanin Under Armour na birnin Baltimore, wanda Kevin Plank ya kafa a 1996. Wa'adin yarjejeniyar shekara 15 ne, daga watan Yuli na 2017, jimillar kuɗinta kuwa dala miliyan 280. A sa'an nan ba a taɓa ƙulla irinta mai tsada kamarta ba a tarihin wasannin jami'o'in Amurka. Ga yadda aka kasa ta: dala miliyan 15 nan take, sa'an nan wajen miliyan 11 tsaba kowace shekara, da kaya na wajen miliyan 7 da 'yan kai kowace shekara, da kuma jimillar miliyan 2 cikin shekara takwas domin gyaran wuraren wasa. In aka raba jimillar bisa shekarun, abin ya haura dala miliyan 18 a shekara.

4. Yadda ta warware

Shekara uku kaɗai aka yi ana tafiya a kai. A cikinsu ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar ba ta taɓuka abin kirki ba: a 2018 ta ci wasa 3 aka cinye ta 9, a 2019 ta ci 4 aka cinye ta 8. Shi ma kamfanin cinikinsa ya ja baya, hukumomin Amurka kuma suna binciken yadda yake rubuta lissafinsa. Kwatsam sai annobar korona ta sauka, aka dakatar da wasannin jami'o'i a watan Maris na 2020. A cikin wata uku na farkon wannan shekara kamfanin ya yi hasarar wajen dala miliyan 590.

A watan Yuni na 2020 kamfanin ya sanar da jami'ar cewa ya soke yarjejeniyar. Hujjoji uku ya kawo. Ta farko, akwai sharaɗi a takardar mai cewa in wani abu da ya fi ƙarfin ɗan Adam ya hana cika alkawari, ana iya warwarewa, shi kuwa ya ce annoba tana cikin irin wannan. Ta biyu, ya ce ƙungiyar wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da kulki, ba ta buga rabin wasannin da aka tsara mata a shekarar ba. Ta uku, ya ce jami'ar ba ta yi abin da ya kamata ba game da wani mai koyar da ƙwallon ƙafa nata da aka kama a 2019 bisa zargin karɓar hanci don shigar da ɗalibai. A wannan lokaci kuma kamfanin ya nemi fita daga wata yarjejeniyar ta shekara 10, ta wajen dala miliyan 86, wadda ya yi da Jami'ar Kalifoniya ta garin Berkeley.

5. Shari'a da sulhu

A watan Agusta na 2020 jami'ar ta kai ƙara, tana neman diyyar fiye da dala miliyan 200. Ta ce annoba fakewa ce kawai, ainihin dalili shi ne kamfanin ya shiga matsin kuɗi, ya ga ya saya da tsada, yana neman hanyar tsira. Ta kuma ce hukumomi ne suka hana wasa, ba ita ta ƙi ba.

Ana cikin shari'a lokacin wasa ya zo, ga shi babu wasu kaya sai na kamfanin da ake rigima da shi. Sai 'yan wasa suka sa su, amma aka rufe tambarin da wata alama ta kira ga haɗin kai da adalci. A shekara ta 2021 kamfanin ma ya shigar da tasa ƙarar, yana kukan wannan rufe tambari da aka yi.

Ba a kai ga yanke hukunci ba. A shekara ta 2022 aka yi sulhu, kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 67 da kusan rabi, kowa ya janye ƙararsa. Watau jami'ar ta sami wajen sulusin abin da ta nema.

6. Abin da ya biyo baya

Tun a watan Disamba na 2020 sabon shugaban sashen wasanni, Martin Jarmond, ya daidaita da kamfanin Nike. Wa'adi shekara 6 ne daga Yuli na 2021, jimilla wajen dala miliyan 46, mafi yawanta kaya ne, tsabar kaɗan ce. In aka raba, abin bai kai miliyan 8 a shekara ba, watau ƙasa da rabin na da. Dalili kuwa a fili yake: a 2016 kamfanoni ne suke rububin jami'ar, a 2020 ita ce take nema, mai nema kuwa ba ya sa farashi.

Tun kafin annoba ma asusun sashen wasannin yana da giɓi na wajen dala miliyan 19 a shekarar kuɗi ta 2019, ya haura miliyan 60 a ta 2021. A watan Yuni na 2022 jami'ar ta sanar da cewa za ta bar ƙungiyar Pac-12 ta jami'o'in yammacin ƙasar, ta koma ƙungiyar Big Ten, inda rabon kuɗin talabijin ya fi yawa. Ta koma a 2024, ko da yake wannan ya sa 'yan wasanta tafiye-tafiye masu nisa zuwa tsakiya da gabashin ƙasar.

7. Abubuwan lura

Hakimai da Malamansu sukan ga attajirai ko kamfanoni sun zo da niyyar ɗaukar nauyin makaranta, ko ƙungiyar samari, ko wani aikin gayya. Wannan abin maraba ne, amma yana da kyau a kiyaye abubuwa huɗu.

Na ɗaya, babban adadin da ake shelanta wa jama'a ran sa hannu ba kuɗi ne a hannu ba. Jami'ar nan shekara 3 ta mora cikin 15.

Na biyu, a karanta sharuɗan warwarewa da natsuwa fiye da yadda ake karanta adadin kuɗi, gama nan ne rigima takan taso. In akwai kalmar da ba a gane ba, a nemi masanin doka kafin a sa hannu.

Na uku, a ajiye takarda mai sa hannun ɓangarorin biyu, tare da kowace wasiƙa da kowane rasiɗi, a jere bisa kwanan wata. Rubutacciyar yarjejeniya ce ta ba jami'ar ƙafar tsayawa a gaban alƙali, har ta sami diyya.

Na huɗu, kada a ɗora albashi ko wani aiki na dindindin a kan alkawarin mai ciniki guda. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A riƙa ware wani abu ana ajiyewa saboda ranar da mai bayarwa zai janye hannunsa.

Ana roƙon Hakimai su sa Malamansu su karanta wannan bayani ga Dagatai da shugabannin makarantu da na ƙungiyoyin samari da ke ƙasarsu, domin kowa ya san abin da zai duba kafin ya sa hannu.