Hannun roba mai sauraron tsoka, da abin da zufa ke yi masa

Wanda aka yanke wa hannu a ƙasan gwiwa, ko injin markaɗe ne ya ci shi ko haɗarin kabu-kabu ne a hanyar Matamai, tsokokin da ke dunƙule yatsu da buɗe su suna nan a dungunsa. In ya yi niyyar damƙar abu, ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ta jijiya, tsoka ta ɗaure, sai ta fitar da ɗan lantarki ƙanƙane, wanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin dubu na bolt. Wannan lantarkin ne hannun roba mai batir yake sauraro. A cikin kwanson da ake zura dungun akwai ƙarafa biyu manne da fata, ɗaya kan tsokar rufewa, ɗaya kan ta buɗewa. Su ke ɗaukar saƙon, na'ura ta ƙara masa ƙarfi, ɗan inji ya motsa yatsu.

Dabarar ta daɗe. Reinhold Reiter ya gwada ta a Jamus a shekarun 1940, Tarayyar Sobiyat ta fito da nata wajen 1960. Abin da ya gagara har yau shi ne hannun ya yi biyayya daga safe har dare.

Ɗauki manomi a Tsauni cikin bazara, zafi ya haura digiri 40. Da hantsi komai daidai, ɗan damshin fata ma taimako yake yi. Kafin azahar zufa ta taru a kwanson, dungun ya fara santsi, ƙarfen ya goce daga inda aka saita shi. Gocewar da ba ta kai faɗin yatsa ba ta isa ta dagula saƙon, kamar rediyon da aka ɗan taɓa wa eriya. Ya ɗaga hannu zai sauke ƙwarya daga ka, nauyi ya danna fata ta wani gefe, na'ura ta ɗauka umarni ne, yatsu su saki. Tsoka in ta gaji, saƙonta sauyawa yake. Kuma hannun ba ya jin abin da ya riƙe, dole ido ya tsaya a kansa. Ga ƙurar hunturu a gaɓoɓi, ga ruwan alwala, ga cajin batir a garin da ake layi wajen mai sola.

Sababbin hannuwa suna da ƙarafa da yawa da ƴar kwamfuta mai koyon salon tsokar mai su. A ɗakin gwaji abin gwanin sha'awa ne. Sai dai abin da ta koya lokacin da mutum yake zaune a inuwa ba lalle ya yi daidai da tsakar gona ba, shi ya sa ake yawan sake saita ta.

A gasar Cybathlon ta masu amfani da na'urorin taimakon naƙasa, ta 2016 a Zurich, Robert Radocy ne ya zo na ɗaya a fannin hannu, da hannun da ba batir, wanda ake ja da waya daga kafaɗa. Mai irin wannan yana jin ƙarfin damƙarsa a jan wayar. A ganina, ga mai hauya da guga, hannun mai waya ya fi cancanta a fara tambaya a sashen haɗa gaɓoɓi na babban asibitin Damagaram, wanda ƙungiyar Red Cross ta duniya ta tallafa wa. In wayar ta tsinke sauya ta abu ne mai sauƙi, mai batir kuwa sai an jira kayan gyara daga ƙetare.