IDAN JIKIN YARO YA ƘI MADARAR SHANU

'Yar'uwa, ko ke amarya ce mai goyon fari, ko 'yar makaranta da ake bar wa ƙani in Umma ta fita unguwa, wannan magana ta shafe ki. Akwai yaran da daga an ba su madara sai jiki ya yi rudu-rudu da borin jini, ko amai da gudawa su biyo baya, wani ma har a ga ɗigon jini a kashinsa. Sai ka ji ana cewa haƙori ne, ko bakin mutane. Alhali sau da yawa jikin yaron ne yake faɗa da sinadarin furotin da ke cikin madarar shanu. Likitoci na ƙiyasta cewa jarirai 2 zuwa 3 cikin 100 na fama da wannan.

In kika ga leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya fara shaƙewa, babu zancen jiƙe-jiƙe ko jiran maigida ya dawo. Asibiti za a nufa nan take.

To, me zai ci? Tun farko dai nonon uwa ya fi komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 tare da abinci. Wani lokaci likita kan umarci uwar da kanta ta dakata da fura da nono, domin sinadarin na iya bi ta nononta. In kuwa dole sai madarar gwangwani, akwai ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta, likita ke rubuta ta. Tana da tsada, gaskiya.

Inda mata da yawa ke rufta shi ne nonon akuya. Gwaggo za ta ce ai shi ne magani, amma furotin ɗinsa kusan ɗaya yake da na saniya, haka na tunkiya, kuma yawancin yaran nan shi ma ba ya karɓarsu. Ita ma madarar da aka cire wa sukarin laktos ba ta raba gardama, don furotin ɗin yana nan daram.

Sannan madara ɓoyayya ce. Man shanun da ake kwararawa a tuwo, kindirmo, cuku, alawar madara, Milo, biskit da kek iri-iri, duk tana ciki. Ke da kike zuwa makaranta, nan ne karatunki zai yi rana: juya bayan kwali ki duba, in kin ga milk, whey ko casein, mayar da shi inda kika ɗauko.

Abin farin ciki, madafinmu ba ya rasa madadi ga yaron da ya wuce wata 6. Kunun gero da aka haɗa da garin waken suya da gyaɗa ya fi koko tsirara nesa ba kusa ba, don koko zalla cika ciki kawai yake yi, ba ya gina jiki. Ga awara, ga alala, ga faten wake da manja, ga ƙwai da kifi. Ƙarfin ƙashi kuwa kalsiyam yake buƙata, kuma miyar kuka da zogale da riɗi suna da shi, haka ƙananan kifin nan busassu in an dake su da ƙayarsu luƙwi an barbaɗa a miya. Kunun aya akwai daɗi, amma kada a ɗora masa nauyin madara, furotin ɗinsa kaɗan ne.

Sai dai a bi a hankali. Waken suya, gyaɗa, riɗi, ƙwai da kifi su ma suna tayar wa wasu yara da bori, don haka ɗaya-ɗaya ake gabatar da su, ɗan kaɗan, a sa ido kwana biyu ko uku kafin a ƙara wani. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa ba a ba shi madarar waken suya.

Yawancin yaran nan suna rabuwa da larurar kafin su kai shekara 5. Amma kada ki ce bari in ɗan ɗanɗana masa in gani. Likita ne zai faɗi lokacin gwaji da yadda za a yi shi. Kafin nan a sanar da kowa a gidan, har kishiya da maƙwabciyar da ke son ba shi alawa.