Aikin Gayya da Zaman Birni

A daminar bara kakana ya kwanta rashin lafiya a Kibiya, ciyawa ta kusa cinye masa dawa. Sai aka kira gayya. Samari suka fito da fartanyu, mai ganga yana zuga su, kafin la'asar an gama noma. Ladansu fura da goro.

Da na je hutu gidan kawuna a Kano, na ga abin ba haka ba ne. Ranar da zai tashi daga gidan haya, sai da ya biya 'yan dako, maƙwabta na wucewa da "sannu da aiki". Da farko na ce rashin zumunci ne. Amma wanda ya yi sammako zuwa Kantin Kwari, bai dawo ba sai bayan isha'i, yaushe zai yi wa wani aiki? Manomi yana iya ba da yininsa, ɗan birni kuwa nasa yinin ya riga ya sayar.

Malaminmu ya ce a ƙauyukan Filifin maƙwabta kan ɗauki bukkar gora sukutum a kafaɗa su kai wa mai ita sabon wuri, suna kiran wannan bayanihan.

Ni dai ranar gayyar kakana, sa'a ɗaya na yi hannuna ya yi kanta, aka ce ɗan makaranta ya koma ɗebo ruwa.